Shekarar da Muka Gyara Lilon Bakin Teku

Ranar sunan ɗiyar Zainab ina kicin ina juya waina, sai na jiyo ku a falo kuna ba mijin Zainab ɗin labarin yadda aka yi muka zauna a ƙasar nan. Yayanku Abba ne ke jan maganar, rabi Hausa rabi Turanci kamar yadda ya saba. Ya ce babanku, Allah ya jiƙansa, ya gama karatu aiki na jiran sa a gida, amma ya liƙe wa waɗansu dawakan katako, ya ja ni na zauna ina kuka. Kuka yi ta dariya. Ban fito ba, don akwai baƙi kuma wainar za ta ƙone. Sai dai maganar ta tsaya mini a rai, saboda ba haka aka yi ba. Babanku ba ya nan balle ya kare kansa, ni kuwa ba buhun gero ba ce da za a ce an ja ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance, tun ina iya tuna ta.

Na iso garin nan na Greensboro a ƙarshen shekarun saba'in, Abba yana goye, ban san kowa ba sai babanku. Ya kama mana ɗaki biyu a saman bene kusa da titin Wendover, inda motoci ba sa yankewa. Da safe ya tafi makaranta inda yake karatun injuna, da yamma ya wuce wani sito inda yake lodin kaya. Ni kuwa in yi shara, in yi girki, in sake share inda na share, daga taga in koma ƙofa, daga ƙofa in dawo taga. A gidanmu na Funtuwa ba ka gama cin tuwo wani bai yi sallama ba. A nan maƙwabciyata za ta yi mini murmushi a matakala, ta shige ta ja ƙofarta. Ban taɓa kwance babban akwatina duka ba. Keken ɗinkin da muka saya yana cikin kwalinsa don na gida ne, ko labulen kirki ban yarda mun saka ba. Abin da ya fi yawa a bakinmu shi ne "in mun koma". Aka haifi Zainab, ta yi rarrafe, ta tashi da ƙafarta, muna nan muna cewa in mun koma.

Wani abokin karatun babanku ne, baƙar fata ɗan ƙasar nan, ya gaya masa kakarsa tana da filin wasa a bakin teku, kuma duk lokacin zafi tana neman wanda ya san inji. Tun daga nan, da an yi dogon hutu sai babanku ya tafi can. Shekara ta biyu na ce ba za a sake barina tsakanin bango huɗu ba, sai ya tafi da mu. Tafiya ce ta kusan rabin yini, cikin gonakin taba da dogayen itatuwa, har kwalta ta ƙare aka shiga hanyar rairayi. A ƙarshenta filin yake. Akwai wata ƙatuwar taya ta ƙarfe a tsaye wadda ta fi benenmu tsawo, kujeru na reto a jikinta, ita muke kira babban lilo. Akwai ɗan jirgin ƙasa na yara, da rumfar soya kifi, da wani zauren rawa da aka daɗe da rufewa. A tsakiya kuma lilon dawakai: wani faffaɗan faifan katako a ƙarƙashin rumfa, an kakkafa dabbobin katako a kansa. In an ta da inji sai faifan ya riƙa juyawa, dabbobin suna hawa suna sauka, kiɗa yana tashi. Yawanci dawakai ne, amma akwai zomo, da zakara, da wani alade mai dariya wanda na hana ku kusantarsa, shi kuma kuka fi so.

Mai wurin sunanta Mis Odessa, doguwar tsohuwa mai hular maza, ba ta da yawan fara'a. Mahaifinta ne ya kafa filin a kan ƙasar da ya gada, a zamanin da ba a barin baƙaƙen fata su shiga ruwa a inda fararen fata ke wanka. A lokacin, in ji ta, motocin coci-coci kan zo daga garuruwa masu nisa har a rasa inda za a ajiye su. Da aka sauya doka, kowa yana iya zuwa ko'ina, sai mutanenta suka riƙa wucewa manyan wuraren da a da ake korar su. Ba ta ga laifinsu ba. Amma sanda muka san wurin, fenti ya kwaye, tsatsa ta ci ƙarafa, wani lokaci lilon ya yi ta juyawa da yara uku kawai a kansa. 'Ya'yanta suna birane, kullum maganarsu ta sayar ta huta, don masu gina benaye na 'yan hutu sun daɗe suna zagayen wurin.

A kakar shekarar ƙarshe ta karatun babanku aka yi guguwar teku. A talabijin muka ga ruwa yana tafiya da rufin gidaje. Da aka buɗe hanya ya ari mota ya tafi, ya ce zai je ya duba tsohuwar ya dawo. Ya dawo a babbar mota, jikinsa duk laka, ya ce in leƙo ta taga. Na leƙa, sai ga ƙafafun dawakai sun yi cirko-cirko a sama, an ɗaure su da igiya. Ruwan gishiri ya shiga cikinsu, rairayi ya cika injin, babban lilon kuma ya karkace. Mis Odessa ce ta ce a nisanta dabbobin daga teku su bushe, amma daga baya ta gaya mini ainihin dalilin. Akwai masu kuɗi da ke sayen irin waɗannan dawakan ɗaya-ɗaya su kafa a falonsu don ado, har wani daga unguwar Irving Park ya riga ya aika a taya masa biyu. Ta san in suka zauna a gaban 'ya'yanta, kafin sanyi ya wuce an raba su. Mai siton da babanku ke aiki ya ba shi wani lungu da ba a amfani da shi, nan aka jera su.

Magana ba ta daɗe ba ta zagaya cikin 'yan'uwanmu Hausawa, da ma ba mu da yawa. Wata Lahadi muka taru cin abinci a gidan wani malamin jami'a a unguwar Sedgefield, sai Alhaji Mamman, dattijonmu mutumin Damagaram mai cusa Faransanci a magana, wanda ke ja mana salla, ya kira babanku gefe. Gefen nasa kuwa kowa yana ji.

"Bon, Injiniya, an ce ka buɗe asibitin gumaka. Wannan ne karatun da aka turo ka?"

Babanku ya ce ba a bauta musu, yara ne ke zama a kansu, su ɗiga musu alewa. Alhaji ya ce shi dai abin da ya sani, mala'iku ba sa shiga inda aka tara mutum-mutumi, kuma ƙafarsa ba za ta taka siton nan ba. A mota na ce da babanku ya ji dai, kada in ga kan doki ko ɗaya a gidana. Ya ce ya ji. Da sanyi ya tsananta, gam ya ƙi bushewa a siton, sai ya zo yana sosa ƙeya ya tambaye ni ko ƙafa ma kai ce. Haka muka yi hunturun nan da ƙafafun dawakai jingine a jikin na'urar ɗumama ɗaki, Zainab tana ɗaura musu ɗankwalina.

A lokacin ba mu da waya da gida sai kaset. In wani zai zo, sai a zaunar da Inna, mahaifiyata, gaban rakoda ta yi ta magana. Kaset ɗin da ya zo a hunturun nan na saurare shi har ya fara jan murya. Ana jin kaji a bayanta, da yayata Talatu tana tsawata wa yara. Inna ta lissafa wanda ya yi aure da wanda ya rasu, ta ce ƙafafunta sun fara ƙin ta, ta yi wa babanku addu'a. Daga ƙarshe, bayan an ɗauka ta gama, ta matso kusa da rakodar.

"Hauwa, an ce da damina za ku taho. To ina nan."

Ya kamata wannan ya kwantar mini da hankali, sai ya ƙara tayar mini. Na kasa zama. In ɗauko akwati in fara shirya kaya, in tuna da saura watanni, in mayar. Babanku kuma ba na ganin sa, daga makaranta sai sito, Asabar da Lahadi ma yana can. Wata Asabar na dafa shinkafa da wake, na kama hannunku, na hau bas, da niyyar in je in ga abin da ya fi mu. Na shirya maganganun da zan faɗa masa tun daga gida.

Na tarar ba shi kaɗai ba ne. Labari ya bi coci-coci na baƙaƙen fatar garin cewa dawakan bakin teku suna Greensboro, sai tsofaffi suka fara zuwa kallo, wasu kuma suka zauna suka kama aiki. Wani tsohon kafinta yana sassaƙa sabon kunne, waɗansu mata sun ja kujeru suna kankare tsohon fenti suna hira, rediyo tana yi. Babanku yana can ƙarshe ya baje injin a ƙasa gunduwa-gunduwa. Wata gajeriyar tsohuwa, Mama Pearl, ta karɓi kular abincin daga hannuna kamar ta san ni, ta ɗauki Zainab ta ɗora a cinya. Shekarunta duka a gidajen Irving Park ta yi su, tana wa mutane girki da wanki da reno. Ta nuna mini zomon, ta ce nata ne tun tana yarinya. Sau ɗaya a shekara cocinsu kan ɗauki mota su je teku, su tashi tun duhu, su dawo da rairayi a takalma. Turancina a lokacin bai da ƙarfi, amma na gane abin da ta ce, don a hankali ta faɗe shi.

"Duk shekara ni nake tambayar mutane me za a kawo musu. A wurin nan ne kaɗai wani ya taɓa tsayawa a kaina ya ce, Madam, me za a kawo miki."

Maganganun da na shirya ban faɗi ko ɗaya ba. Na ci abinci tare da su a kwano ɗaya, abin da rabona da shi tun Funtuwa. Mako na gaba na koma, na sake komawa. Kakata mai zanen ƙwarya ce, ni ma tun ina ƙarama hannuna ba ya rawa wajen lalle da ɗinkin hula. Da suka ga yadda nake bin layi sai suka miƙo mini ƙaramin burushi. Fuska da ido na ce ba zan taɓa ba, wannan na bar wa wasu, amma sirdi da linzami da furannin wuya duk ni ce. Har na yi zaƙewa, na zana wa wani farin doki irin adon da muke yi a bakin ƙwarya. Kowa ya yaba. Da Mis Odessa ta zo duba aiki ta daɗe a tsaye a kansa, ta ce yana da kyau ƙwarai, amma in kankare. Ta ce dawakan ba nata ba ne, ba kuma nawa ba, na waɗanda za su zo neman su ne yadda suka bar su. Na yi fushi, na yi mako biyu ban je ba. Gidan ya sake cinye ni, daga taga zuwa ƙofa, sai na koma na ɗauki abin kankara na cire zanena da hannuna, na mayar da jajayen furannin da ke ƙasa.

Da bazara babanku ya gama karatu. Wani kamfanin ƙarfe a gida ya ba shi gurbi, da sharaɗin ya bayyana kafin damina ta ƙare, in ba haka ba a ba wani. Lilon dawakai ya kusa haɗuwa, zai iya juyawa a zafin shekarar. Amma babban lilon yana nan a karkace. Sai an sauke shi, an sake ƙarfen tsakiyarsa, an yi walda, sannan sufeton hukuma ya zo ya amince, kuma wannan aikin hunturu guda ne cur. 'Ya'yan Mis Odessa sun ba ta zuwa zafin baɗi: in filin bai tashi gaba ɗaya ba, za su sa hannu a sayar. Ba ta da abin ɗaukar kamfanin gyara, kuma babu wanda ya san ƙarafan nan kamar babanku. Ba ta roƙe shi ba, ba irin matan da ke roƙo ba ce. Shi ne ya daina cin abinci sosai, ya zauna ya tashi, ya ɗauki takardun tafiya ya ajiye. Ni kuma ina da cikin Ummi, komai yana tayar mini da zuciya. Gidan ya zama mutum biyu suna zagaye juna.

Ranar da aka mayar da dabbobin teku muka bi babbar motar a baya. Aka yini ana kafa su. Bayan la'asar, mun yi salla a bayan rumfar kifi, kuna can kuna tona rairayi, sai ya ce in zauna.

"Hauwa, na ɗauko ki daga gidanku da alkawarin shekara uku, ga shi mun ninka. Inna tana jiran ki. Ba ni da bakin da zan ce a ƙara. Abin da kika ce shi za a yi, kuma ba za ki taɓa jin na tayar da maganar ba."

Na tashi na bi bakin ruwa, na yi nisa har na daina jin hayaniyarku, na juyo, na sake komawa. Ina so ku san abin da ke raina a tafiyar nan, don ba tausayin babanku ba ne kawai. Ni baƙuwa ce, gidana yana can, na san in na koma zan tarar da shi a inda na bar shi, haka nake gani a lokacin. Su Mama Pearl kuwa a ƙasarsu suke, ga wuri guda da suka ce nasu ne, ana shirin ɗora masa bene a yi masa ƙofa da maigadi. Sannan akwai nawa son ran. Tunda na zo ƙasar nan ban yi wani abu da ya kwana ya wuni ba, girki a cinye, shara a ɓata. Wannan ne karo na farko da na tsaya daga nesa na hango aikin hannuna yana sheƙi a rana. Ban so in tafi in ji labarin an rarraba shi falo-falo ba. Na kuma ce a raina Inna tana da ƙarfi, shekara ɗaya ba komai ba ce. Da na dawo yana nan zaune inda na bar shi.

"Malam, a ƙara shekara," na ce.

Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce kada ya sa in sake tunani. Ko hawaye ban yi ba a ranar. Kukan da Abba yake tunawa na ranar da na yi wa Inna kaset ne. Na danna rakodar na kashe ya fi a ƙirga, don ban san yadda zan ce mata lilo ne ya riƙe mu ba. Daga ƙarshe na ce wani aiki ne ya taso wa Malam, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Lilon dawakai ya juya a zafin nan. Ba a cika maƙil ba, kada in yi muku ƙari, amma motocin coci sun zo daga Greensboro, Mama Pearl ta hau zomonta da takalmin zuwa coci, jikokinta suna riƙe da ita. Da kaka aka sauke babban lilon aka kawo ƙarafansa sito, babanku ya koma lodin kaya da digirinsa, abokan karatunsa suna ta tafiya gida ɗaya bayan ɗaya muna raka su filin jirgi. Gurbinsa aka ba wani. Bayan nan abubuwa suka taɓarɓare a gida, kamfanoni suka daina ɗaukar mutane, waɗanda suka koma ma suka fara rubuto wa babanku ya nemo musu hanyar dawowa. Aka haifi Ummi cikin sanyi, muka sa mata sunan Inna. Da na yi arba'in na ci gaba da zuwa siton da ita a baya, ina fentin kujerun babban lilon.

Ina cikin fentin ne wata rana da hantsi na ga Alhaji Mamman ya shigo, shi da ya ce ba zai taka wurin ba, Hajiyarsa tana biye da shi. Akwai dawakai biyu da aka dawo da su gyara a bakin ƙofa, ya ratsa tsakaninsu ko kallon su bai yi ba. Tun daga yadda ya cire hula ya mayar na ajiye burushin. Ƙanena ne ya samu waya a Kaduna ya bugo shagon Alhaji, don mu ba ma gida. Inna ta kwanta kwana kaɗan, Allah ya karɓi abarsa, har an yi sadakar uku. Hajiya ta kwance Ummi daga bayana. Na tuna Mama Pearl ta kama hannuwana tana goge mini fenti da tsumma, yatsa bayan yatsa. Babanku ya durƙusa a gabana ya kasa ɗaga kai. Daga ranar har ya bar duniya, in wani ya ce shi ya hana ni ganin uwata, ba ya musawa. Na sha ce masa ya daina ɗaukar abin da ba nasa ba, sai ya ce ai ya fi sauƙi a kansa.

Sufeto ya zo ya amince, babban lilon ya tashi a kan lokaci, ba a sayar da filin ba. Ya ƙara shekaru yana aiki, har ku duka kuka yi wayo a cikinsa. Bayan rasuwar Mis Odessa aka sayar da ƙasar, benayen da ake gudu suka tashi, babban lilon aka yanka shi aka auna a kilo. Amma kafin ta rasu ta damƙa lilon dawakai a hannun ƙungiyar tsofaffin nan, da sharaɗin ba za a raba dabbobin ba. Shi ne wanda kuke kai 'ya'yanku yanzu a wancan ɗan garin, a cikin rumfarsa ta gilashi. Babanku ya samu aikin kula da injuna a wata masaƙa, muka sayi labule, na fitar da keken ɗinki daga kwali. Ko abin da aka tsirar ya kai abin da aka rasa, wannan har yau ina juya shi, wata rana in ce ya kai, wata rana in ce bai kai ba.

Gida kuwa sai bayan lilon ya tashi na je, ni da Ummi kawai. An daɗe da tashi daga zaman makoki. Na tarar an mayar da ɗakin Inna wurin ajiye hatsi. Yaya Talatu ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, ta yi mini duk abin da ake wa baƙo, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Sai da mutane suka ragu, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba, wane irin aiki ne wannan da ya fi Inna. Na yi niyyar in ce mata abin da na faɗa a kaset, sai na ga na gaji. Na gaya mata komai, da teku, da tsohuwar, da dawakan katako, da cewa ni na ce a ƙara shekara.

"Lilo," ta ce. Ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Na fara shirya kayana in koma gidan ƙanena. A rana ta uku da safe ina wa Ummi wanka, sai ga ta ta zo ta tsaya a kaina da tawul a hannu. Ta karɓi yarinyar ta naɗe ta, ta zauna a kan turmi tana duba kunnuwanta da yatsun ƙafarta, ta daɗe.

"Wannan lilon naku, manya ma suna hawa?"

Na ce suna hawa, har tsofaffi masu jikoki.

"Ke kin hau?"

Na ce na hau, babban ma na hau, daga sama ana hango jiragen ruwa. Ta tambaya ko ban ji jiri ba, na ce na ji, har na riƙe rigar wata mata da ban sani ba. Ta ci gaba da jijjiga Ummi.

"Da Inna ce da ta hau," ta ce. "Da sai ta ce a ƙara mata zagaye, ta kuma yi faɗa da mai injin don ya tsayar da wuri."

Dariya ta kama mu, muka yi ta yi har muka rasa inda ta koma kuka. Ummi ta tsorata ta fasa ihu, Yaya Talatu ta juya ta ta goya ta da zanen da ke kafaɗarta, ta ce in je in kwance kayan da na ɗaure, ta dama mana koko.